Tambaya da Amsa: Wayar Yara da Tsoron Radiyeshan

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 ya matsa in saya masa waya. Ga shi an turo mana a WhatsApp wai radiyeshan na dafa ƙwaƙwalwar yara. Hankalina ya tashi. Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. A 2011 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya radiyeshan ɗin waya, wato igiyoyin rediyo da take fitarwa, a rukunin 2B, wato abin da ake zargin yana iya jawo kansa amma ba a tabbatar ba. Babban nazarin da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai gano alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba. Sai dai a 2018 masu bincike a Suwizalan sun bibiyi matasa kusan 700, suka ga alamar raunin riƙe wasu abubuwa a ka ga masu yawan kanga waya a kunne. To, ki haɗa masa da iyafis, ya kuma bar dogon kira inda sabis ke rawa, don a nan waya ke ƙara ƙarfin abin da take fitarwa. Ni barcinsa ma ya fi damuna. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Wayar ta riƙa kwana a ɗakinki.

Tambaya: Ana tallan sitika mai tsotse radiyeshan. In saya wa ƙannena? Daga Kano.

Amsa: Kada ka kuskura, ɗan'uwa! Wallahi abin nan na ci min tuwo a ƙwarya. Na taɓa ɓare irinta, ba komai ciki sai leda mai ƙyalli da gam. Da tana tare igiyoyin, ai da kira ba zai shiga ba. In ma ta tare kaɗan, wayar sai ta ƙara ƙarfi tana lalubar sabis. Mutum zai kashe kuɗi kan sitika, sannan ya je kasuwar waya ta Farm Centre ya zaɓi waya marar suna da caja mafi araha, wadda ke zafi kamar dutsen guga, yaro ya tura ƙarƙashin filo ya kwanta. Jabun waya wa ya auna ta? Danna *#06#, ka gwada lambar shaidar waya (IMEI) da za ta fito da ta jikin kwali, ka nemi samfurin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da shi, ka karɓi rasit. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi yau, ba gobe ba.

Tambaya: Waya mai tsada ba ta fitar da radiyeshan, ko? Daga Maraɗi.

Amsa: Haba malam! Da me za ta yi kira? A 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 saboda ta haura ma'aunin radiyeshan da doka ta gindaya.