Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Zuzuta Karawar Hogan da André?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni mai son kallon resilin ne, amma da na zamani na saba. Yayyena sun ishe ni da labarin WrestleMania ta uku, wai ba a taɓa yin irinta ba, shi ne na nemo ta a intanet na kalla. Gaskiya karawar Hulk Hogan da André the Giant ba ta burge ni ba: tafiyar hawainiya, doguwar runguma, sai ɗagawa guda ɗaya a ƙarshe. Ta Randy Savage da Ricky Steamboat ta fi ta nesa ba kusa ba. To me ya sa ta farkon ce ake ta zuzutawa? Kuma tunda an riga an tsara wanda zai ci, da wane ma'auni ake cewa wannan karawa ta yi kyau, waccan ba ta yi ba?

Mai karatu daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, kuma yayyenka ma ba su yi ƙarya ba. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce za ta warware ta farkon.

Tabbas an tsara wanda zai ci. Kamfanin da kansa, wanda a lokacin ake kira WWF kafin ya koma WWE a 2002, ya faɗi haka a gaban majalisar jihar New Jersey a 1989. Saboda haka mai sharhi ba ya tambayar wa ya fi ƙarfi, kamar yadda za a tambaya a kokawar gargajiya ta Nijar, inda da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, kuma ba wanda ya san mai ɗaukar takobi sai an gama. A resilin abin da ake aunawa shi ne: wane aiki aka ɗora wa waɗannan mutum biyu, kuma sun sauke shi ko ba su sauke ba? Akwai karawar da aka ɗora mata nuna gwaninta. Akwai wadda aka ɗora mata huce haushin 'yan kallo a kan bos ɗin da ya daɗe yana cin zali. Akwai kuma wadda aikinta shi ne ta cika fili da mutane, ta sallame su suna jin sun ga abin da za su ba jikokinsu labari. Idan ka auna ta ukun da mudun ta farko, dole ka ce ba ta cika ba.

An yi WrestleMania ta uku, wato babban taron resilin da kamfanin ke shiryawa duk shekara, ranar 29 ga Maris, 1987, a filin Pontiac Silverdome da ke jihar Mishigan ta Amurka, kusa da birnin Detroit. Karawa 12 aka yi a ranar. Kamfanin ya ce mutum 93,173 ne suka shiga. Dave Meltzer, mai jaridar Wrestling Observer, ya daɗe yana cewa adadin gaskiya ya fi kusa da 78,000, kuma har yau ana jayayya a kai. Ko wanne ka ɗauka, taro ne da sai da aka riƙa kai 'yan wasa fage a kan wasu ƙananan motoci masu siffar fagen, saboda nisan tafiyar. Mutumin da ke can ƙololuwar kujeru yana hangen 'yan wasan kamar tururuwa. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ya sa wasu abubuwa da suka yi maka kama da jan ƙafa a waya suka zama dole a filin.

To, Savage da Steamboat. Ban taɓa gajiya da kallon wannan karawa ba. Amma kai da ka kalle ta ita kaɗai, rabin daɗinta ka sha. A ƙarshen 1986 Savage ya ɗora wuyan Steamboat a kan ƙarfen da ke raba fage da 'yan kallo, ya diro masa daga saman igiya, sannan ya ɗauko ƙararrawar wasa ya sake dirowa da ita a kan maƙogwaronsa. Aka fita da Steamboat a kan gadon ɗaukar majinyata, aka yi makonni ana nuna shi a talabijin yana koyon magana. Savage kuwa yana riƙe da kambun Intercontinental, mai bi wa babban kambun kamfanin a daraja, tun Fabrairun 1986, lokacin da ya ƙwace shi daga Tito Santana a Boston ta hanyar maguɗi. Mutanen da suka zo Silverdome da wannan gyambon suka zo.

Yanzu koma ka sake kallo, ka lura da abu ɗaya: ina hannun Savage yake nufa duk sanda ya samu sarari? Maƙogwaro. Ya maka wuyan a kan igiya, ya sa gwiwar hannu a wurin, ya cilla Steamboat waje har cikin 'yan kallo. Shi kuma Steamboat, duk sanda aka taɓa wurin, sai ka ga ya dafe wuya, idanu sun firfito, yana neman numfashi kamar wanda ake shaƙewa da gaske. Wannan iya nuna zafin duka shi ne rabin sana'ar, kuma a cikin waɗanda na gani kaɗan ne suka kamo ƙafar Steamboat a nan. Duka ba ya da nauyi a idon mai kallo sai wanda aka daka ya ba shi nauyi.

Sai kuma ƙirgen alƙali. A cikin minti 14 da 'yan daƙiƙoƙi, an danne kafaɗu a ƙasa har alƙali ya ƙirga biyu wajen sau ashirin, ga shi kuwa ƙirga uku ne ke gama karawa. A zamanin nan wannan ba baƙon abu ba ne, amma a WWF ta 1987, inda ƙattai ke tafiya a hankali, kamar saukar aradu ne. Kuma ba a watsa su barkatai ba. Suna ƙaruwa ne, suna matsowa kusa da juna, har aka kai wurin da Steamboat ke naɗe Savage ta gaba, ta baya, ta gefe, mutane ba su gama zama daga wannan ba sun sake miƙewa saboda waccan. Steamboat ya sha faɗa a hirarraki cewa Savage ya sa sun tsara karawar mataki-mataki, an rubuta a takarda da lambobi, suna yi wa juna bita. Tsofaffin 'yan wasa da yawa ba sa son haka, sun fi ganin a shiga fage a saurari jama'a, a bi inda ihunsu ya nufa. Ni a ganina, idan sakamakon tsarawar shi ne wannan, ba abin da za a ce.

Ƙarshenta ma darasi ne. Alƙali Dave Hebner ya faɗi, Savage ya diro da gwiwar hannunsa da ya saba gama mutane da ita, ya danne, ba mai ƙirgawa. Sai ya fita ya ɗauko ƙararrawar nan, wadda da ita aka fara rigimar. George Steele, wanda ke ɓangaren Steamboat, ya tunkuɗo shi daga saman igiya. Savage ya tashi a jigace ya ɗaga Steamboat zai fyaɗa da ƙasa, Steamboat ya naɗe shi a iska, ɗaya, biyu, uku. Bos ya faɗi ta dalilin makamin zaluncinsa, kuma bai zubar da girmansa ba, domin kowa ya ga da alƙali na tsaye da ya ci. Meltzer ya ba ta tauraro huɗu da rabi cikin biyar, kuma Wrestling Observer da mujallar Pro Wrestling Illustrated duk sun zaɓe ta karawar shekara. Abu ɗaya da nake ƙorafi a kai shi ne hannun Steele a nasarar. Mutumin da aka kusa raba shi da muryarsa ya cancanci ya rama da hannunsa shi kaɗai.

Yanzu ga wadda ba ta burge ka ba. Masu karanta Wrestling Observer sun zaɓe ta mafi munin karawa a 1987 ta fuskar aiki, saboda haka kana da abokan ra'ayi. Ni dai ban yarda da su ba.

André the Giant, wanda sunansa na gaskiya André Roussimoff, ɗan Faransa ne, an haife shi a 1946, ya kuma taso da wata cuta da ke sa jiki ya yi ta girma ba tsayawa. Ana shelanta shi da tsawon ƙafa 7 da inci 4, da nauyin fam 520, wato kilo 236 ke nan. Zuwa 1987 bayansa ya riga ya lalace, tsayuwa ma wahala take ba shi. Shekara shida bayan nan ya rasu a birnin Paris yana da shekara 46. Wannan shi ne mutumin da aka ce ya ɗauki nauyin babbar karawa a gaban taro mafi girma da kamfanin ya taɓa tarawa zuwa lokacin. Ba zai iya gudu ba, ba zai iya faɗuwa ya tashi sau goma ba. Tambayar mai sharhi ita ce: da ɗan abin da ya rage a jikinsa, me suka gina?

Sun gina komai a kan tambaya guda: Hogan zai iya ɗaga shi? An shekara da shekaru André yana jarumin da yara ke so, abokin Hogan, shi ne ma ya zuba masa ruwan murna a ka ranar da Hogan ya ci babban kambun kamfanin daga hannun Iron Sheik a Janairun 1984. Sai ga shi a farkon 1987 a shirin hira na ɗan wasa Roddy Piper ya fito tare da Bobby Heenan, manajan da kowa ya tsana, ya nemi kambun, ya yaga wa Hogan riga har da sarƙar wuyansa. Kamfani ya yi ta shelar cewa shekara 15 ba a taɓa kayar da André ba, kuma aka bar mutane da tunanin ba a taɓa raba ƙafarsa da ƙasa ba. Duka biyun ba haka suke ba. Hogan kansa ya ɗaga shi a filin Shea na New York a 1980, Stan Hansen ya ɗaga shi a Japan, El Canek ya ɗaga shi a Meziko. Amma babu intanet a lokacin, kuma yawancin waɗanda suka sayi tikiti ba su san da wannan ba.

Kalli mintin farko da kyau. Sun tsaya ƙirji da ƙirji, Hogan yana magana, jikinsa na rawa, André ya zuba masa ido kawai, ko ƙiftawa babu. Ba a taɓa kowa ba tukuna, amma fili ya ɗauka. Sai Hogan ya yi gaggawar ɗaga shi, nauyi ya rinjaye shi, ya faɗi André na kansa, alƙali Joey Marella ya ƙirga biyu da ƙyar Hogan ya zame. A cikin daƙiƙoƙi kaɗan an shuka abu biyu: ɗagawar nan ba za ta yiwu ba, kuma bayan Hogan ya samu rauni. Duk abin da ya biyo baya a kan bayan nan yake. André ya taka shi, ya jefa shi kusurwa, ya matse shi da jikinsa.

Rungumar da ta gundure ka tana da aiki biyu. Tana ba André damar hutawa a tsaye, wannan gaskiya ne. Amma kashe muryar masu sharhi a ranka, ka saurari jama'a lokacin da alƙali ke ɗaga hannun Hogan yana saki, domin in hannun ya faɗi sau uku an ci shi ke nan. Ya faɗi sau ɗaya, ya faɗi sau biyu, a na uku ya tsaya a sama yana karkarwa. Na can saman kujeru ba zai ga dabarar murɗe hannu ba, amma zai ga wannan hannun. Daga nan sai dukan da ya kai André ƙasa karon farko a karawar, sai ɗagawar, sai Hogan ya diro masa da cinya a wuya. Minti 12 ke nan. Ban ce babu aibi ba: abin da suka yi a wajen fage, inda Hogan ya yaye shimfiɗa yana neman kifa André da ka, ya fito a dagule, kuma da an cire shi da ya fi. Amma ihun da ya tashi lokacin da ƙafafun André suka bar ƙasa ba na mutanen da aka cuta ba ne. Ko ƙirgen farkon nan bai tafi a banza ba. Heenan ya yi ta cewa uku aka ƙirga, aka ja zancen har zuwa karawarsu ta Fabrairun 1988 a tashar NBC, wadda mutum miliyan 33 suka kalla.

Idan kana son ganin wannan ma'auni a ƙaramin wuri, duba karawar Piper da Adrian Adonis a ranar, wadda aka yi sharaɗin a aske wanda ya faɗi. Ba ta kai minti goma ba, ba wata gwaninta, bulala da bel ne da jifa da Jimmy Hart, manajan Adonis. Adonis ya shaƙe Piper, ya saki da wuri yana murna a zaton ya ci, Brutus Beefcake ya shigo ya farfaɗo da Piper, Piper ya mayar masa da shaƙar. Jama'a sun samu abin da suka zo nema. Sauran karawar kuwa, irin ta Billy Jack Haynes da Hercules da ta King Kong Bundy, za ka iya wuce su ba ka yi asarar komai ba.

Da za a ce in zaɓi wadda zan nuna wa mai koyon sana'ar, Savage da Steamboat zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. Amma ba sunansu ne ya sayar da kujerun Silverdome ba, kuma da André ya kasa tsayuwa a daren, da ba a tuna taron yadda ake tuna shi. Shawarata, kafin ka yanke wa kowace tsohuwar karawa hukunci, nemi shirye-shiryen makonnin da suka gabace ta ka kalla, sannan ka kalle ta sau biyu, na biyun idonka a kan 'yan kallo. Tunda kuma salon Steamboat ne ya kwanta maka, nemi karawa uku da ya yi da Ric Flair a 1989, a Chicago da New Orleans da Nashville. Ta New Orleans ta kusa awa guda, ka tanadi lokacinta.