Tambayoyinku: Zorki ta cinye min fim, da sauran rigimar tsofaffin kyamarori

Wannan satin an ɗan huta da maganar waya ta ƙi caji, masu tsofaffin kyamarorin renjifainda ne suka cika min akwati, wato irin wadda in ka leƙa za ka ga hoto biyu sai ka murɗa sun haɗe ya zama ɗaya.

Tambaya: Malam na samu Zorki 1, na zura fim ta ƙasa kamar yadda na gani, ina murɗawa sai na ji ƙaras, yanzu komai ya tsaya cak. Ta lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa ba ita ta lalace ba, kai ka lalata ta. Kuma na rantse baka yanke harshen fim ɗin ba. Zorki 1 da FED ta farko duk Tarayyar Sobiyet ce ta yi su, kwafin tsohuwar kyamarar Jamus ce mai suna Leica, su kuma bayansu baya buɗewa, ta gindi ake zura fim, to fim ɗin yanzu harshensa gajere ne, masu waccan kyamarar da dogon harshe suka ƙera ta. Dole ka sa almakashi ka ƙara tsawon siririn bakin nan ya kai wajen santimita 10, ka ƙirga huji kamar 20 a gefe. Leica har wani ɗan ƙarfe suka yi na wannan yankan mai suna ABLON, amma ni da hannu nake yi kuma ban mutu ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne mai yankawa ta tsakiyar huji, ko ya bar kusurwa mai tsini maimakon ya lanƙwasa yankan. Nan fim yake yagewa, ɗan guntun ya faɗa cikin labulen shota, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga in ka ɗauki hoto, labulen nan kuwa ƙyalle ne da ya girmi babanka, ƙaras ɗin da ka ji kenan. Kar ka ƙara murɗa komai, kar ka sa tsinke ko allura, kai ta gun mai gyara. Masu cusa katin waya ko kwali wai don su kauce wa yanka, Allah ya shirye ku, minti ɗaya fa yankan yake ci. Kuma dan Allah ka ware fim ɗaya da ya lalace ka dinga koyon zurawa da shi sau goma sau ashirin kafin ka taɓa mai kyau, ni har yau akwai nawa a aljihun jaka.

Tambaya: Na ɗauki hoto 36 cif, mai wanki ya ce babu komai a fim ɗin.

Amsa: Iska kika ɗauka hajiya, fim bai kama kwarkwaron da ke naɗe shi ba tun farko. In kin rufe kyamara ki ɗan murɗa mariƙin mayar da fim baya har ya yi tauri, sannan ki murɗa gaba kina kallonsa, in baya juyawa to fim baya tafiya. Lambar da ke ƙirga hoto ita ko babu fim ƙirgawa take.

Tambaya: Kiev 4 ɗina na buɗe baya wani abu ya faɗo ƙasa.

Amsa: Kwarkwaron naɗe fim ne, haka aka yi shi, gadon Contax ne, kyamarar Jamus da aka kwafo Kiev daga gare ta. Ɗauko ka mayar. Nan gaba a zaune za ka buɗe.

Tambaya: Wacce ce mafi sauƙin sa fim? Ni bana son wahala.

Amsa: Canonet QL17, shimfiɗa harshen kawai za ka yi zuwa alamar da ke ciki ka rufe. In aljihu da nauyi Leica M4 ta 1967, ita ce ta zo da kwarkwaro mai yatsu uku da baya fita, saɓanin M3 ta 1954 da sai ka zaro shi. Amma mai gudun wahala me ya kawo shi fim?

Tambaya: A rana zan iya sa fim?

Amsa: Juya wa ranar baya, inuwar jikinka ta isa.