Hukuncin Soka Wa Yaro Allurar Sinawa Don Hana Amai Bayan Tiyata

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne mazaunin Guangzhou a ƙasar Sin. Za a yi wa ɗana mai shekara 6 tiyatar cire tsokokin nan biyu na maƙogwaro masu yawan kumbura. Likita ya ce idan an sa masa maganin barci za su soka masa siririyar allura a wuyan hannu don kada ya yi ta amai in ya farfaɗo. Wani abokina ya ce wannan aikin masu bautar gumaka ne. Ya halatta in yarda?

Amsa: Alhamdu lillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Allah Ya ba yaron lafiya. Ya halatta, ɗan'uwa, da sharuɗɗan da za su zo.

Asalin magani halal ne. A hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, ban da tsufa. Fitowar magani daga hannun wanda ba Musulmi ba kuwa ba ta haramta shi. Muslim ya ruwaito daga Auf bin Malik cewa sun tambayi Annabi game da tawaidar da suke yi a jahiliyya, sai ya ce su bijiro masa da ita, babu laifi matuƙar babu shirka a ciki. To idan kalmomin jahiliyya ma tace su aka yi, ina ga allurar ƙarfe?

Maganar abokinka tana da tushe ta fuska ɗaya. Tsoffin likitocin Sin sun gina wannan sana'a a kan imani da wani ƙarfi ɓoyayye da suke kira "ci", wai yana gudana a hanyoyi cikin jiki. Wannan bayani nasu ne, ba a ɗora maka gaskata shi ba. Abin dubawa shi ne, shin allurar sababi ce ta zahiri da gwaji ya tabbatar? Wurin da ake sokawa yana cikin hannu, kamar faɗin yatsu uku daga gaɓar wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu da ke fitowa in ka dunƙule hannunka. A 2015 masu bitar bincike na Cochrane, wata ƙungiya mai tantance binciken likitanci, sun tattara gwaje-gwaje 59 a kan wannan wuri, suka ga sokawa ko danna shi yana rage tashin zuciya da amai a manya da yara, kusan daidai da magungunan asibiti, duk da sun ce ingancin wasu gwaje-gwajen yana da rauni. Rinjayen zato irin wannan ya isa a babin magani, kamar yadda ya isa a ƙaho.

Haka hukuncin yake idan maɗauri mai ɗan maɓalli suka ɗaura masa a madadin allura. Danna wurin yake yi, don haka ba laya ba ce. Amma a cire shi in buƙata ta wuce, kada a bar shi da niyyar tsari.

Inda na fi so ka kula shi ne yaron kansa, domin amana ne a hannunka, kuma kai kake ba da izini a madadinsa. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi ya hana azabtar da yara da matsa musu maƙogwaro saboda ciwon wuya, ya nuna musu magani mafi sauƙi. Saboda haka soka allurar bayan yaro ya yi barci, yadda likitanku ya tsara, shi ne daidai. A danne shi yana ihu alhali ga wata hanya, wannan ban yarda da shi ba.

Ka tabbata mai sokawar ƙwararre ne mai lasisi, don Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci ba a san shi da shi ba, shi ke da alhakin ɓarnar. Allurar ta zama sabuwa daga leda, likitan barci yana sane, kuma kada a hana yaron maganin amai irin su ondansetron in ya buƙata. Idan ka ga an haɗa da karance-karance ko turaren bauta, ka dakatar. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba ka zaɓi maganin asibiti kaɗai, babu zunubi a kanka.

Wallahu a'alamu.