Bangon mujalla ya yi kyau a kwamfuta, ya lalace a madaba'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida, ni aka ɗora wa tsara bangon mujallar makarantarmu. A kwamfuta ya fito tsaf, amma da aka kawo gwajin farko daga madaba'a, shuɗin ya koma shunayya, fuskar ɗalibin da ke hoton ta yi dishi-dishi, wuƙa kuma ta cinye harafin ƙarshe na sunan mujallar. Me zan gyara kafin a buga sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin kyauta da kika nemi gwaji tukuna, domin duka ukun suna gyaruwa, kuma tushensu ɗaya ne: an tsara bangon don allon kwamfuta, ba don takarda ba.

Mu fara da launi. Allo da haske yake haɗa launinsa, tsarin da ake kira RGB, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK: C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi. Shuɗi mai sheƙi irin na allo tawada ba ta iya kai masa, sai manhajar ta cike giɓin da tawadar M, wadda jan launi ce mai ruwan hoda, shi ne kike ganin shunayya. Ki mayar da fayil ɗin CMYK, ki saita shuɗin da hannunki: C kashi 100, M kada ya wuce kashi 70. Tazarar 30 tsakanin su biyun ita ke tsare shuɗi. Ƙananan rubutu baƙi kuma ki bar shi K 100 zalla. Idan aka haɗa shi da tawada huɗu, ɗan gocewar injin kaɗan sai ki ga inuwar launi kewaye da haruffa.

Hoton fa, ɗigo 300 ake so a kowane inci. Bangon A4, milimita 210 da 297 ke nan, yana buƙatar fiksel 2480 da 3508 idan hoton zai cika shafi. Waya mai megafiksel 12 ta isa, muddin an ɗauka a tsaye cikin haske mai kyau. Abin da ke kashe hoto shi ne turo shi ta WhatsApp kai tsaye, domin manhajar tana matse shi. A turo miki shi a matsayin fayil ko ta kebul. Jan kusurwar ƙaramin hoto don ya girma ba ya ƙara masa komai, ɗigon kawai yake buɗawa.

Batun wuƙa: injin yanka yakan goce da milimita ɗaya ko biyu, ba sakacin kowa ba ne. Ki ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe, shafin ya zama 216 da 303, hoton ya malala har cikin rarar. Duk wani rubutu kuma ya ja baya aƙalla milimita 5 daga layin yanka.

Tun da kin buɗe fayil ɗin, ki sake duban tsarin kansa. Bangon mujallar ɗalibai yawanci cunkoso ke ɓata shi, kowace ƙungiya tana so a sa hotonta. Ki tsaya kan hoto ɗaya mai ƙarfi, zai fi kyau idon mai hoton yana kallon mai karatu, sunan mujalla a sama, babban kanu ɗaya, ƙanana uku ko huɗu, salon rubutu biyu kacal. Ki manna gwajin a bangon ɗaki, ki ja baya taku biyar; kanun da bai karantu ba daga nan, a ƙara masa girma ko a cire shi. Kada a manta da izinin mai hoton a rubuce, ko na iyayensa idan yaro ne.

Idan akwai Hausa a bangon, ki gwada ɓ, ɗ da ƙ a salon da kika zaɓa, manya da ƙanana, domin da yawa ba su da su, sai akwati ya fito a gurbinsu ko harafin ya sauya kama. Kafin ki fitar da PDF, ki adana kwafi guda mai gyaruwa, sannan ki mayar da rubutun ya zama zane, a manhajar CorelDRAW da maɓallan Ctrl da Q ake yi. Ki nemi sabon gwaji a kan ainihin takardar bangon, mai nauyin giram 200 zuwa 250 a kowane murabba'in mita, ki duba shi da rana kafin ki sa hannu.