Tsohuwar HP Mini mai Windows 7 Starter: a gyara ta ko a sauya mata Windows?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Mabera, nan Sakkwato. Yayana ya ba ni wata ƙaramar laftof, HP Mini, mai Windows 7 Starter, ram ɗinta gig 1. So nike in riƙa buga tambayoyin jarabawa da sakamakon ɗalibai da ita. Ta ƙi yarda in canja hoton fuskar allo, ga nauyi, kuma in na shiga intanet shafuka da yawa ba su buɗewa. Wani mai gyara ya ce in kawo ya sa mani Ultimate, duk matsalolin za su wuce. Mi kuka gani game da wagga shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Kada ka kai ta a sa Ultimate. Cikin matsaloli ukun da ka lissafa, ta hoton ce kaɗai laifin Starter, ita ce kuma mafi ƙanƙanta. Nauyi daga kayan cikin na'urar yake, rashin buɗe shafuka kuwa tsufan burauza ne ko kwanan wata da ya karkace. Ultimate ba ta warkar da ko ɗaya daga cikin biyun.

Microsoft ta fitar da Windows 7 ranar 22 ga Oktoban 2009, Starter kuma ita ce ajin ƙasa, wadda aka riƙa ɗorawa a kan ƙananan laftof masu allon inci 10 da furosesa Intel Atom don farashi ya sauka. Da gangan aka rage mata ƙarfi: mai bit 32 ce kawai, ba ta amfani da ram fiye da gig 2, ba ta da adon gilashin nan na Aero, kuma in ka jona ta da majigi abin da ke allonka kaɗai za ta maimaita, ba za ta ba ka fili na biyu ba. Za ka ji ana cewa ba ta buɗe manhaja fiye da 3 a lokaci guda. Wannan dokar ta XP Starter ce da Vista Starter, an janye ta kafin Windows 7 ta shiga kasuwa.

Mu fara da nauyi, don nan ya kamata kuɗinka ya tafi. Danna Start, ka danna Computer da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, za ka ga sunan furosesa. In N270 ne ko N280 ko N450, ram ɗinta DDR2 ne mai ƙafa 200, wanda ake rubuta wa PC2-5300 ko PC2-6400. In N550 ne ko N570 ko N2600, DDR3 ne mai ƙafa 204. N455 na iya zuwa da kowanne, don haka sai an duba wanda ke ciki. Gurbin ram ɗaya ne tak a yawancinsu, ma'ana cire na gig 1 za ka yi ka sa na gig 2, ba ƙari za ka yi a kansa ba. Kada wani ya sayar maka da na gig 4. Waɗannan furosesa iyakarsu gig 2, kowace Windows aka ɗora, kuma sau da yawa allo baƙi za ka gani in an sa wanda ya wuce haka. Ka tafi shago da laftof ɗin a hannu, a gwada a gabanka kafin ka biya, domin wasu sababbin DDR3 masu ƙwayoyi 4 kacal a jiki ba sa tashi a kan Atom ko da girmansu daidai ne. Kafin a buɗe murfin ƙasa a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10. Ram yana shiga a karkace, sannan a danna shi ƙasa har ƙarafan gefe biyu su kama shi.

Na biyu faifan ajiya. Wanda ya zo da ita, mai gig 160 ko 250, yanzu ya haura shekara 10 yana juyawa. SSD, wato sabon faifan ajiya da ba ya juyawa, mai inci 2.5 na SATA, gig 120 ko 128, ya ishe ka har da rara, kuma shi zai fi sauya yadda take tashi da buɗe Word. Sai dai ka sani, da ka cire tsohon faifan ka rabu da ɓoyayyen sashen da HP ta ajiye Windows ta asali, wanda ake shiga da F11 lokacin kunnawa. Ko dai a kwafe faifan ɗungurungum zuwa SSD, ko a sa Starter sabuwa. Don sabuwar, a samu faifan girka Windows 7 mai bit 32 a filashi, a shiga jakar sources a goge fayil mai suna ei.cfg, sai jerin ajujuwa ya fito a zaɓi Starter. Lambar lasisi mai haruffa 25 tana kan takardar da aka manna a ƙasan laftof ko ƙarƙashin batir. Ɗauki hotonta da waya tun yau, gumi da zafi na goge ta. Kuma a ajiye direban wayales a filashi kafin a yi fomatin, in ba haka ba za ka tashi da na'urar da ba ta ganin intanet balle ta sauko da shi.

Akwai kuma abin da garinmu ke yi wa waɗannan na'urori. Ƙurar hunturu na toshe ƙofar fanka, sai bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40, furosesa ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, mai ita ya ɗauka bairos ne. A share da busasshen burushi, a hura iska, amma a riƙe fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa a banza. Kada a ɗora ta a kan darduma ko katifa tana aiki.

Yanzu intanet. Kafin komai duba agogon da ke kusurwar allo. In tana komawa 2009 ko 2010 duk lokacin da aka kashe ta, ƙaramin batirin agogo ya mutu. Yawanci CR2032 ne, amma a irin waɗannan ƙanana naɗe yake cikin leda da 'yar waya mai baki biyu, don haka wanda ake sa wa agogon hannu ba zai shiga kai tsaye ba. Da kwanan wata ya kauce, burauza na ɗaukar takardun shaidar tsaro na shafuka a matsayin marasa inganci, sai ta rufe ƙofa. In agogo daidai yake, to burauzar ce. Internet Explorer 8 da ya zo da ita ya daɗe da fita daga layi. Chrome ya tsaya a lamba 109 ga Windows 7 tun farkon 2023. Mu Firefox 115 ESR mai bit 32 muke ba da shawara, saboda yana tafe da nasa rumbun takardun shaida, bai dogara da na Windows ba. Wannan na da muhimmanci tun 30 ga Satumban 2021, ranar da wata tsohuwar takardar tushe mai suna DST Root CA X3 ta ƙare aiki, shafuka masu yawa suka daina buɗewa a tsofaffin na'urori. Ko da ram gig 2, kada ka wuce shafi 2 ko 3 a buɗe. Bidiyo kuwa a bar shi a 360p, ko a sauke shi a kalla da VLC.

Windows Update ɗinta kan yi ta juyawa ko ta ba da kuskure 80072EFE, don haka da hannu ake sa mata gyare-gyaren. A sauko da su da wata kwamfutar daga Microsoft Update Catalog, a zaɓi masu alamar x86, wato na bit 32, a sa su bi da bi: KB976932 wato SP1, babban gyaran farko na Windows 7, in babu shi, sai KB3020369, sai babban ƙunshin nan KB3125574 na 2016, sannan KB4490628 da KB4474419. Biyun ƙarshe su ke koya mata gane sabon salon sa hannu na SHA-2, wanda in babu shi wasu manhajoji da direbobi ba sa shiga. A kan Atom aikin na cin sa'o'i, kuma batirin irin wannan laftof da wuya ya riƙe. Kada ka fara sai kana da tabbacin wuta, ko sola ko janareta, domin ɗaukewar wuta a tsakiya na iya hana ta tashi gaba ɗaya.

Duk da haka, Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020. Buga jarabawa da lissafin maki a Office 2007 ko 2010, babu laifi. Harkar banki da duk abin da ya shafi kuɗi, a bar wa waya. Hatsarin da ya fi kusa da kai ma filashi ne, wanda za ka kai shagon furinta ya dawo da bairos ɗin da ke mayar da fayiloli shotkot. Ba goge su ya yi ba, ɓoye su ya yi. Kada ka danna shotkot ɗin. Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni da ake nema a akwatin binciken Start, ka rubuta attrib -h -s -r /s /d E:\*.* in filashin E ne, fayilolin su fito, ka goge shotkot ɗin da duk baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs. Gara ma ka mayar da takarda PDF ka tura wa mai shago ta waya.

To, hoton allo. Yana zaune a C:\Windows\Web\Wallpaper\Windows da sunan img0.jpg, kuma dabarar da kowa ke fara gwadawa ita ce ya sauya shi da nasa hoton mai wannan suna. Ba ta ci, domin Windows na tantance fayil ɗin, in ta ga ba nata ba ne sai ta bar fuskar baƙa. Hanyar da ta fi sauƙi wata ƙaramar manhaja ce, Oceanis Change Background, wadda ke tashi tare da Windows ta shimfiɗa hoton da ka zaɓa. Matsalarta, tsohuwa ce, kuma wuraren da ake samunta yanzu kan cusa mata tarkace. In za ka gwada, ka fara yin wurin komawa, wato ajiye yanayin Windows don a koma masa in abu ya lalace: Properties na Computer, System protection, Create. A ganinmu hoto bai kai a yi masa wannan kasadar ba.

Gyare-gyare biyu sun fi shi amfani a aikinka. Allon 1024 da 600 ne, gajere, wani lokaci maɓallin OK na faɗawa ƙasa inda ba ka ganinsa. Buɗe regedit, wato rumbun saitunan Windows, daga akwatin binciken Start, danna Ctrl da F, nemi Display1_DownScalingSupported, mayar da 0 zuwa 1 duk inda ya bayyana, ka sake kunnawa. A na'urori masu sashen zanen hoto na Intel GMA 950 da 3150 za ka samu 1024 da 768. Rubutu zai ɗan matse, don haka a koma na asali in an gama. Ɗayan kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Windows 7 na da kibod ɗin Hausa a cikinta, har Starter: Control Panel, Region and Language, Keyboards and Languages, Change keyboards, Add, ka zaɓi Hausa. Alt na hannun dama tare da b, d ko k zai ba ka ɓ, ɗ, ƙ. Na Larabci ma a nan ake ƙara shi, don ayoyi da hadisai.

Ita Ultimate ɗin da ake sawa a shaguna kusan duk ta sata ce da aka fasa wa makulli, ba ka san abin da aka haɗa ta da shi ba, ga Aero da ƙarin hidimomi da za su cinye ɗan ram ɗin da kake taƙama da shi. Kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Windows 10 ta fi ta nauyi, ita ma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. In nan gaba ka ga lallai sai ka riƙa shiga intanet da ita sosai, antiX, wani nau'in Linux (tsarin da ake sawa a madadin Windows) mara nauyi da ke da nau'in bit 32, ya fi dacewa, kuma za ka iya gwada shi daga filashi ba tare da ka taɓa Windows ba. Amma in furosesarka N2600 ce, ka zauna a kan Windows 7, domin sashen zanenta, GMA 3600, nan kaɗai yake da direba mai kyau.