Tambaya da Amsa: Tauraron Ƙwallon Jami'a a Amurka da Aikin Taimakon Jama'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha jin ana yabon Tim Tebow, wai ya yi fice a ƙwallon jami'a kuma yana taimakon marayu. Ɗalibin da ke fama da karatu da atisaye, ina zai samu lokacin haka? Ko dai zuzutawar 'yan jarida ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙwallon da ake nufi shi ne na Amurka, mai siffar ƙwai, wanda ake jefawa da hannu, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare. Tebow ya buga wa Jami'ar Florida daga 2006 zuwa 2009 a matsayin jagoran kai hari. A 2007 ya lashe kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan ƙwallon jami'a na shekara, shi ne ɗan aji biyu na farko da ya taɓa samunta. A kakar nan sau 32 ya jefa ƙwallo aka ci, sau 23 kuma ya kutsa da kansa. Ƙungiyarsa ta zama zakarar ƙasa a kakar 2006 da ta 2008.

Lokacin kuwa ƙanƙane ne. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta ƙayyade sa'o'i 20 a mako na atisaye da wasa a lokacin kaka, amma tafiye-tafiye da jinyar rauni ba sa cikin lissafin. Dole kuma ɗan wasa ya ɗauki cikakkun kwasa-kwasai, makinsa kada ya faɗi, in ba haka ba a ajiye shi a benci. Shi ya sa yawancin aikin taimakon ake yinsa bayan kaka ta ƙare, ko lokacin hutu: ziyarar yara a asibiti, karanta wa 'yan firamare littafi, raba abinci.

Inda ake tuntuɓe shi ne kuɗi. A zamanin Tebow, ɗan wasa ba zai fito a tallar gidauniya ba sai da rubutaccen izinin sashen wasannin jami'a, ba zai bar aji domin taron ba, kuma ko dala ɗaya ba za ta shiga aljihunsa ba. Wanda ya saɓa yana iya rasa damar wasa. Don haka Tebow ya haɗa kai da wasu ɗalibai suka tara kuɗi wa wani gidan marayu a Filifin, ƙasar da aka haife shi, sai a 2010 bayan ya kammala ya kafa gidauniyarsa. Tun Yulin 2021 dokar ta sassauta, ɗalibi yana iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa.

Tambaya: Akwai kyautar da ake bayarwa domin wannan aiki?

Amsa: Akwai kyautar Wuerffel, da aka fara a 2005 da sunan Danny Wuerffel, shi ma ɗan wasan Jami'ar Florida da ya ci Heisman a 1996. Tebow ya karɓe ta a 2008. A ganinmu ta fi Heisman nuna halin mutum. Sai dai ba ta tabbatar wa ɗan wasa nasara a gasar ƙwararru ta NFL. Ƙungiyar Denver Broncos ta ɗauki Tebow a matsayin na 25 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2010, amma bai daɗe ba, domin ko rabin jifansa ba ya isa hannun abokan wasa.