Gwaiduwar ƙwai da zinare: me ya ɓata min gauraka?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a Samaru, na ga zanen tsuntsaye a intanet da aka yi da gwaiduwar ƙwai da zinare sai nima na gwada zana gauraka a jikin kwali, wallahi ko sati bai yi ba fentin ya tsattsage, kyankyasai kuma suka lashe min fiffike guda. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kwalin nan shi ya fara cutarki. Fentin gwaiduwa idan ya bushe ba ya son lanƙwasa, shi ya sa masu zanen Italiya tun kafin fentin mai ya karɓe kasuwa wajen 1500 a kan katako suke yi, sai sun shafe shi da alli haɗe da gam na fatar dabba shafi bayan shafi, su goge ya yi sumul kamar tangaran.

Sannan ina zargin kin lafta shi da kauri. Ki raba gwaiduwar da farin, ki huda 'yar fatar nan da ta lulluɓe gwaiduwar da allura ruwan ciki ya zubo, fatar ki yar, ki sa ruwa kamar daidai yawansa sannan ki kwaɓa garin kala kaɗan kaɗan. Da siririn burushi ake bi, layi a kan layi, kuma wannan ne ya sa ya dace da tsuntsu, don gashin wuyan gauraka dama zare zare yake. A hunturun Zariya kuwa kafin ki ɗago hannu ya bushe, kar ki koma kina dirza wuri ɗaya, na ƙasan zai ɗago. Abin da ya rage ki zubar, kwanan ƙwai sai wari.

Zinaren shi ake fara sawa kafin fenti. A shafa jan yumɓu a inda tukkun zai zauna, a ɗan jiƙa, a ɗora siririn fallen zinaren, in ya bushe a goge da dutse mai santsi. Ki kashe fanka ki rufe taga, numfashinki kaɗai ya isa ya tashi da shi. Fallen mai arahan nan kuma ba zinaren gaske ba ne, jan ƙarfe ne da zinki, yana dusashewa in ba a shafe shi da banish ba, amma don koyo ni ban ga laifinsa ba.

Kyankyasai kam ƙwai suka ji, ki riƙa rufe aikin a akwati da dare.